Auna Tasirin Mai Bincike a Ilimin Garkuwar Jiki: Darasi daga Zariya da Malumfashi

 

 

Batun wannan lacca shi ne yadda ake auna aikin mai bincike a ilimin garkuwar jiki da kimiyyar likitanci: yawan abin da ya wallafa, yawan masanan da suka kafa hujja da shi, da iyakar abin da waɗannan alƙaluma za su iya nunawa. Za a buga misali da Farfesa Brian Greenwood, wanda ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma wani ɓangare na bincikensa a ƙauyukan Malumfashi aka yi shi, cikin jiharmu ta Katsina. Maganar ta kasu gida shida.

Na ɗaya: Maƙala da ambato

Ilimin garkuwar jiki nazari ne kan yadda jiki ke gane baƙon abu, ƙwayar cuta ce ko dafi, ya yaƙe shi, sannan ya riƙe kamanninsa saboda gaba. A kansa aka gina allurar rigakafi, da maganin saran maciji, da gwaje-gwajen jini da dama da ake yi a asibiti.

Mai bincike a wannan fanni bai gama aiki ba sai ya rubuta maƙala, ya bayyana tambayar da ya ɗauko, da hanyar da ya bi, da sakamakon da ya samu. Editan mujalla zai aika wa wasu masanan fannin su tantance. Su ce a buga, ko a gyara, ko a mayar wa mai ita. A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin manazarta, wato ayyukan da marubucin ya dogara da su. Duk sanda wata maƙala ta shiga irin wannan jeri, ta sami ambato guda.

Wannan al'ada ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren malamai. Mai karatun hadisi ya san isnadi, ya san magana ba ta da nauyi sai an faɗi daga wa aka ji ta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Bambancin shi ne jerin manazarta baya yake dubawa, yana nuna wa aka ɗauko. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya juya abin a 1955, a mujallar Science, ya ce a tsara kundin da zai nuna su wa suka ɗauka daga kowace maƙala bayan fitowarta. Kundin nasa ya fara fitowa a kai a kai a 1964. A yau manyan rumbuna uku ke wannan lissafi a intanet: Web of Science, wanda ya gaji kundin Garfield, da Scopus, da Google Scholar, su biyun na ƙarshe an buɗe su a 2004. Google Scholar ya fi sauran yalwar hannu, domin har kundayen digiri yake ƙirgawa. Shi ya sa mutum guda zai iya samun adadi uku mabambanta a rana guda.

Na biyu: Ma'aunan da aka fi amfani da su

Mafi sauƙi shi ne ƙirga yawan maƙalu. Rauninsa a fili yake: mutum na iya tsinka aiki guda gida biyar, ya buga kowane yanki daban. Na biye da shi shi ne jimillar ambato. Shi ma yana da nasa gurbin, domin maƙala guda da ta yi fice tana iya ɗauke da sauran hamsin da babu wanda ya leƙa.

Don toshe waɗannan kafofi biyu ne Jorge Hirsch, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya fito da ma'aunin da ake kira h a 2005. Ga yadda ake lissafa shi. A ce wata malama tana da maƙalu biyar. Ta farko an ambace ta sau 40, ta biyu sau 12, ta uku sau 5, ta huɗu sau 3, ta biyar sau 1. Tana da maƙalu uku da kowace ta sami ambato aƙalla uku? Tana da su. Tana da huɗu da kowace ta sami aƙalla huɗu? A'a, ta huɗun uku kawai ta samu. Ke nan ma'auninta 3 ne. Ko ta farkon nan za ta kai ambato dubu, ma'aunin ba zai motsa ba sai ta huɗun ta ƙaru.

Akwai kuma ma'aunin tasirin mujalla. Ana ɗaukar ambaton da maƙalun mujalla na shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. A lura da kyau: mujallar ake aunawa a nan. A kowace babbar mujalla, maƙalu kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ambato, saura su raɓa da su. Don haka wanda ya ce aikinsa ya fito a babbar mujalla irin Lancet ko Nature ya faɗi inda aka buga shi ne kawai, saura a ga abin da aikin ya haifar.

Na uku: Shekarun Zariya

An haifi Brian Greenwood a Ingila a 1938. Ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965, inda ya lura cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin wani nau'in ciwon gaɓoɓi da ya zama ruwan dare a Turai, ba su da yawa a can. A 1968 ya wallafa a Lancet cewa mai yiwuwa yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro da ire-irensa ne ke sauya halin garkuwar jiki. Da wannan tambaya ya iso Zariya a 1970, lokacin da makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello ke tasowa.

A Zariya ya yi aiki tare da Hilton Whittle da wasu likitoci, 'yan ƙasa da baƙi. A 1972 suka nuna cewa yaron da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, in aka yi masa wasu allurai, jikinsa ba ya ƙera sinadaran kariya yadda na mai lafiya ke yi. A 1978 Greenwood da W. A. Williamson suka ƙara nuna cewa, game da allurar sanƙarau, wannan rauni yana kai wata guda bayan zazzaɓin. Me wannan ke nufi ga uwa a ƙauye? Yana nufin zazzaɓin damina ba ya tsayawa kan kwantar da yaro. Yana rage ƙarfin rigakafin da aka yi masa na wata cutar daban.

Sai dai sanƙarau ne ya fi cin lokacinsu. Zariya, kamar Katsina, tana cikin zirin sanƙarau da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana a 1963, wanda daga baya aka faɗaɗa shi daga Senegal zuwa Habasha. Da bazara ta kankama, sai a riƙa kawo yara wuya ya sanƙare, jiki ya yi zafi rau, suna amai, ba sa son haske. Likita zai kwantar da yaro a gefe guda, a lanƙwasa bayansa, ya soka allura tsakanin ƙasusuwan gadon baya ya ɗebo ruwan laka. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha; na mai sanƙarau kuwa a gurɓace yake fitowa. To wace ƙwayar cuta ce? Renon ta a ɗakin gwaji yana cin kwana ɗaya ko biyu, in kuma an riga an ba yaron magani a gida, sau da yawa ba ta tsirowa. A 1971 ƙungiyar Zariya ta wallafa hanyar gano ɓawon ƙwayar cutar kai tsaye cikin ruwan lakar, ta amfani da sinadaran kariya, a samu amsa a ranar. A 1974 suka bi da gwajin da ake haɗa ɗigon ruwan da wasu ƙananan ƙwayoyin roba, in suka dunƙule cikin mintoci an san cutar.

Annobar 1977 ta cika asibitin Zariya, ta kuma haifar da jerin maƙalu. A ciki akwai ta 1979, wadda Dakta S. S. Wali ne sunan farko a kanta, ta nuna cewa allura guda ta maganin kuloramfenikol mai maiƙo tana iya warkar da mai sanƙarau, maimakon allurai da yawa na kwanaki. A wurin da ma'aikaci guda ke kula da majinyata jingim a ƙarƙashin rumfa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma shekaru da dama da shi aka riƙa tunkarar annoba a ƙasashen zirin. A 1984 kuma suka bayyana cewa ƙwayar cutar tana ci gaba da yawo a maƙogwaron mutane har da damina. Bushewar iska da ƙurar rani ne ake ganin suna raunana fatar hanci da maƙogwaro, ta sami hanyar shiga jini.

Na huɗu: Malumfashi, da yadda bincike ke komowa gida

A shekarun 1970, tun Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka kafa shirin binciken cututtuka a Malumfashi. An ƙirga mutanen ƙauyuka gida gida, ana rubuta haihuwa da mutuwa. An yi nazarin tsargiya, har masu bincike suka riƙa zama bakin dam ɗin Ruwan Sanyi suna rubuta wa ya shiga ruwa, don wanka ko su ko ninƙaya, da tsawon lokacin da ya yi. An yi nazarin saran maciji, ana gwada jinin manoma don ganin alamar dafin da suka taɓa haɗuwa da shi. Sakamakon ya fito a jere a mujallar makarantar, kowace maƙala da sunan Malumfashi a kanta.

A can ne kuma aka gwada ba jarirai maganin kulorokwin a kai a kai tun suna ƙanana, aka kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba. Maƙalun da suka fito a 1985, da sunan A. M. Bradley-Moore da Greenwood da abokan aikinsu, sun nuna cewa yaran da aka kare sun fi ƙarancin zazzaɓi, jininsu ya fi yawa, kuma jikinsu ya fi karɓar allurar sanƙarau.

A 1980 Greenwood ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken likitanci ta Birtaniya da ke can har shekara goma sha biyar, sannan ya wuce makarantar kiwon lafiya ta Landan. Tambayoyin Zariya da Malumfashi ya tafi da su. A Gambiya aka nuna, a 1991, cewa gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara ƙwarai. Tunanin ba yara magani kafin su kamu kuma aka ci gaba da tace shi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya, aka taƙaita shi ga watannin damina, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Katsina tana cikin jihohin farko da aka fara aiwatar da shi a Najeriya. Ma'aikatan da ke bi gida gida da damina, wata wata, suna ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ƙwayoyi, ana narka wa ƙananan a cokali, ƙarshen wannan doguwar silsila suke riƙe da shi. Nawa ne daga cikinsu suka san cewa ɗaya daga cikin tushenta yana Malumfashi?

Haka labarin sanƙarau. Tsohuwar allurar ba ta kama jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kariyarta ba ta daɗewa, kuma ba ta hana ƙwayar zama a maƙogwaro. Annobar 1996 ta nuna girman giɓin. Farfesa Idris Mohammed, masanin garkuwar jiki ɗan Gombe, wanda shi ma ya yi aiki a Zariya, shi da abokan aikinsa sun wallafa a 2000 cewa a Najeriya kaɗai an rubuta mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 suka rasu. Wannan ta'asa ce ta zaburar da aikin sabuwar allura, MenAfriVac, wadda aka ɗaure ɓawon ƙwayar da wani furotin don jiki ya riƙe ta. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disambar 2010, Najeriya ta bi a 2011. Binciken da aka yi a Chadi, wanda Greenwood ke cikinsa, ya nuna a 2013 cewa sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin ɗari inda aka yi allurar. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar.

Greenwood ya wallafa ɗaruruwan maƙalu, an ambace su sau dubun dubata. Ya karɓi lambar Hideyo Noguchi ta Japan a 2008, da ta Gairdner ta Kanada a 2012. Amma a bi tsarin yadda abin ya faru: tambaya ta taso daga gadon asibiti, aka bi ta shekara arba'in, ta zama manufar lafiya, ambato ya biyo baya.

Na biyar: Inda alƙaluma ke ruɗi

Maƙalar da ta daɗe tana kan gaba a yawan ambato a duniya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, wadda ta wuce ambato 300,000. Me ta ƙunsa? Hanyar auna furotin a ɗakin gwaji. Duk wanda ya yi amfani da hanyar sai ya ambace ta. Ambato a nan yawan amfani yake nunawa.

Wani lokacin ma suka yake nunawa. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, da ta danganta allurar ƙyanda da wata larurar ƙwaƙwalwar yara, ta sami ambato mai yawa, mafi yawa daga masu ƙaryata ta. Lancet ta janye ta a 2010, amma kwamfuta ba ta bambance yabo da zargi.

Akwai kuma aikin da ke daɗewa ba a waiwaye shi ba. Katalin Karikó da Drew Weissman sun wallafa bincikensu a 2005, aka yi shekaru ba a damu da shi ba. A kansa aka gina wasu alluran korona, suka karɓi lambar Nobel a 2023. Da kwamitin ƙarin girma ya auna su da ambato a 2008, da me zai ce?

Fannoni ma ba ɗaya suke ba. Masu binciken ciwon daji a duniya dubbai ne, suna ambaton juna dare da rana. Masu binciken dafin kububuwa kuwa tsiraru ne. A 2010 aka wallafa gwajin magungunan dafi biyu da aka yi wa majinyata 400 a asibitin Kaltungo, aikin da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yake ciki. Ambatonsa ba zai kamo na babbar maƙalar ciwon daji ba, amma manomin da maciji ya sara a gona yana cin moriyarsa kai tsaye. Ƙari a kan haka, mujallun Afirka da yawa ba sa cikin manyan rumbunan, don haka ambaton da ke cikinsu ba ya shiga lissafi. Sannan ma'aikatan da suka ɗebi jini, suka yi tafinta, suka cike fom a rana, galibi sunansu ba ya kan maƙala.

Daga ƙarshe akwai maguɗi: mai yawan ambaton kansa, da abokan da suka yi yarjejeniyar ambaton juna, da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tantancewa. Saboda irin waɗannan ne masana suka fitar da sanarwar San Faransisko a 2012 da ta Laidin a 2015, dukansu suna kira da a karanta aikin mutum, alƙaluma su zama mataimaka kawai.

Na shida: Abin da ya rataya kan jami'o'inmu

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, suna zaune a tsakiyar tambayoyin da duniya ke buƙatar amsarsu. Yara nawa ne a ƙauyukan bakin dam ɗin Zobe ke fitsarin jini? Yaya jikin yaro mai tamowa ke karɓar allurar ƙyanda? Wane nau'in sanƙarau ne ke yawo a maƙogwaron ɗalibai a makarantun kwana da tsangayu bayan sabuwar allura? Annobar 2017 da ta taɓa Zamfara da Sakkwato da Katsina nau'in da ake kira C ne ya haddasa ta, wanda MenAfriVac ba ta kariya daga gare shi. Wato sa ido ba ya ƙarewa.

Matashin malami ya ɗauki tambaya guda ya zauna a kanta shekaru. Ya nemi izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye da masu unguwanni kafin ya taɓa jinin kowa, domin mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba. Ya adana bayanansa yadda wani zai iya bin diddigi. Ya binciki mujalla kafin ya biya kuɗi. Ya riƙe salon rubuta sunansa guda, kada ayyukansa su watse a rumbuna. Ya sa sunan duk wanda ya yi aiki na haƙiƙa, sannan ya koma ƙauyen ya faɗa wa mutane sakamakon da Hausa. Kwamitocin ƙarin girma kuma su nemi kowane malami ya kawo ayyukansa mafi inganci su karanta, su tambaye shi abin da suka sauya. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kammalawa

Ambato ma'auni ne mai amfani: yana nuna nisan da aiki ya yi a tsakanin masana, kuma wanda bai taɓa samun sa ba ya kamata ya binciki kansa. Amma shi kaɗai ba ya isa shaida kan ingancin aiki, ko gaskiyarsa, ko rayukan da ya ceta. Cikakken awo sai an haɗa uku: abin da aka wallafa, waɗanda suka gina a kansa, da abin da ya sauya a asibiti da gidajen jama'a. Aikin Zariya da Malumfashi ya cika ukun.